Kun Tambaya, Mun Amsa: Shirya Kakar Tseren Mota Ta Ƙirƙira

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu gungun matasa ne masu bibiyar tseren Formula 1 a talabijin. Mun ƙirƙiro gasarmu a takarda, irin ƙananan gasannin da ake yi a gefen babbar gasa da motoci masu kujera ɗaya da tayoyi a waje. Matsalar ita ce zakaranmu ya ci tsere 15 cikin 20, har abin ya daina armashi. Yaya ake tsara kaka ta yi kama da gaske? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gasar da ya kamata ku ɗora taku a kanta ita ce Formula 2, gasar da ke ƙasa da Formula 1, wadda ta maye gurbin gasar GP2 a 2017. A kakar 2024 ƙungiyoyi 11 ne, kowace da mota biyu, direbobi 22 ke nan, kuma an je filaye 14, kowane fili tsere biyu. Kamfanin Dallara na Italiya ne ke ƙera jikin motar kowa, inji na Mecachrome mai silinda shida da lita 3.4, taya na Pirelli. Kun ga tun daga nan ba wanda zai ci 15 cikin 20, domin ba mai motar da ta fi ta wani tun daga masana'anta.

Ga yadda ƙarshen mako yake tafiya. Ranar Juma'a atisaye na minti 45, sai gwajin neman gurbi na minti 30. Wanda ya fi kowa sauri yana samun maki 2, shi ne kuma zai tashi a gaba ranar Lahadi. Ranar Asabar gajeren tsere ne, kilomita 120 ko minti 45, kuma a nan ake juya goman farko: na ɗaya a gwaji ya tashi na goma, na goma ya tashi a gaba. Makin kuwa 10, 8, 6, 5, 4, 3, 2, 1. Ranar Lahadi babban tsere, kilomita 170 ko awa ɗaya, dole kowa ya shiga gareji ya canza taya, ya kuma yi amfani da taya iri biyu, mai laushi da mai tauri. Makinsa 25, 18, 15, 12, 10, 8, 6, 4, 2, 1. A kowane tsere akwai maki 1 na zagaye mafi sauri, amma sai ga wanda ya ƙare cikin goman farko.

To ku ɗauki biro. Iyakar abin da direba zai kwasa a mako guda 39 ne, a filaye 14 kuwa 546. Gabriel Bortoleto ya ɗauki kambun 2024 da maki 214.5, wato kimanin 15 a kowane mako, bai ma kai rabin abin da ke ƙasa ba. Wannan shi ne ma'aunin da za ku riƙe. Idan zakaranku ya haura maki 20 a mako, to ya yi fintinkau. Idan ya kai 30, tatsuniya kuke rubutawa.

Abin da yawancin masu ƙirƙirar irin wannan gasa suke mantawa shi ne yawan nasara ba shi ke kawo kambu ba. A 2023 Théo Pourchaire tsere ɗaya tak ya ci, na Bahrain a farkon kaka, amma ya ɗauki kambu da maki 203. Frederik Vesti ya ci shida ya tsaya a 192. Dalili a fili yake: huɗu daga nasarorin Vesti na ranar Asabar ne, masu maki 10, alhali wanda ya zo na biyar ranar Lahadi ma 10 ɗin yake samu. Wanda yake tsintar na uku da na huɗu kowace Lahadi, bai fasa mota ba, a hankali zai wuce mai tara kofuna. A Formula 3 ta 2024 ma, wato gasar da ke ƙasa da Formula 2, Leonardo Fornaroli ya zama zakara ba tare da ya ci ko tsere ɗaya ba.

Sai ku sa matsala, amma kowace da dalilinta. Ta farko, mutuwar inji a layin tashi. Kulocin waɗannan motoci da yatsu ake sakinsa, a bayan sitiyari, kuma idan direba ya sake shi da gaggawa inji bai ɗau wuta sosai ba, motar sai ta mutu a wurin. A 2018 abin ya yi yawa har aka koma tashi a guje bayan motar tsaro, wato motar da ke shiga gaba ta rage wa direbobi gudu, a Ostiriya da filin Silverstone na Birtaniya. Isack Hadjar ya isa Abu Dhabi a 2024 rabin maki kacal tsakaninsa da Bortoleto, sai motarsa ta mutu a layin tashi a tseren ƙarshe, sauran suka kewaye shi suka wuce. Rabin makin nan ma yana da tarihi: a gajeren tseren filin Monza na Italiya, Bortoleto da Dennis Hauger sun tsallaka layi a lokaci ɗaya a matsayi na takwas, aka raba musu maki ɗayan.

Ta biyu, motar tsaro. Idan ta fito kowa sai ya rage gudu, don haka wanda ya shiga gareji a lokacin asararsa kaɗan ce, wanda kuwa ya riga ya canza taya zagaye ɗaya kafin nan ya yi asarar banza. Haka Bortoleto ya ci babban tseren Monza daga na ƙarshe, bayan ya kauce cikin tsakuwa a gwajin Juma'a. Irin wannan sau ɗaya a kaka ya isa. In kun maimaita, ba mai yarda.

Tambaya: In dai mota ɗaya ce, me ya sa wasu ƙungiyoyi kullum suke gaba? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malama, motar ɗaya ce amma saitinta ba ɗaya ba ne. Injiniyoyi suna da ikon taɓa kusurwar fukafukan gaba da baya, tsayin mota daga ƙasa, taurin sifirin da karkatar taya. A Monza ana kwantar da fukafuki saboda dogayen miƙaƙƙun hanyoyi, a Monako ana ɗaga su saboda kwanoni. Minti 45 kawai ake da shi a gano daidai, shi ya sa ƙungiyar da ta daɗe tana tara bayanan kowane fili, irin su Prema da ART, take isowa da saitin da ya kusa zama.

Sauran aikin na taya ne. A Formula 2 ba a ɗumama taya da bargo kamar a Formula 1, direba ne zai ɗumama ta da kansa a kan titi, yana murɗa sitiyari yana taka birki. Idan ta yi sanyi ba ta kama ƙasa, sai ta kulle a birki ta cinye gefe guda, motar ta riƙa karkarwa. Idan kuma ya matsa mata a zagayen farko, robar ta ƙone, zagaye goman ƙarshe sai ya ga ana wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma makanikai: goron taya ɗaya ya maƙale daƙiƙa biyar, gurbi uku ko huɗu sun tafi.

Tambaya: Zakaranmu zai iya kare kambunsa a kaka ta gaba?

Amsa: A Formula 2 dai a'a, doka ta hana zakara komawa. Ukun farko a teburi suna samun maki 40 na lasisin da ake buƙata don tuƙa Formula 1, amma lasisi ba kujera ba ne. Charles Leclerc a 2017 da George Russell a 2018 sun haye kai tsaye. Oscar Piastri ya ci a 2021, ya zauna shekara guda a benci kafin ya fara tuƙa wa ƙungiyar McLaren ta Formula 1 a 2023. Don haka a kakarku ta biyu ku cire zakaran, ku ɗauko sababbi biyar ko shida daga gasar da ke ƙasa da taku, wanda ya zo na biyu kuma ku sauya masa ƙungiya.