An ce in yafe in manta, amma zuciyata ta ƙi kwanciya

Tambaya: Baba Fasto, salama. Ni da facalata coci ɗaya muke, kuma ita ce uwar adashenmu a zumuntar mata. Da kwasata ta zo, naira 180,000, sai ta ce ta ranta wa wani. Yau wata takwas ke nan shiru. Na gaya wa wani dattijon ikkilisiya, ya ce in yafe in manta, kada in raba wa da ƙani. Na yi shiru, amma in na gan ta ƙirjina zafi yake yi, har na daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a coci don tunawa da Yesu. Na zama mai riƙo ne? Daga wata 'yar'uwa a Zonkwa.

Amsa: 'Yata, tun da abin yana damunki har kika rubuto, ba riƙo ne ke cin ki ba. Miki ne aka rufe ba a wanke ba.

Wannan "ki yafe ki manta" ta gajiyar da ni. Kusan kullum sai na ji ta, kuma wanda aka cuta ake gaya wa, don shi ya fi sauƙin lallashi. Mun ɗauki haƙuri irin na kawar da kai mun sa masa rigar Littafi Mai Tsarki. A ina Yesu ya ce a yi shiru? A Luka 17:3 cewa ya yi in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Muna son Matiyu 18:22, a yafe bakwai har sau saba'in, amma muna tsallake aya 15 zuwa 17 na surar, inda ya ce ka je ku yi magana ku biyu, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikkilisiya. Zakka ma da ya tuba a Luka 19, bai ce mutanen garin Yariko su manta ba, alkawari ya yi zai mayar wa duk wanda ya cuta riɓi huɗu. Yusufu bai bayyana kansa ga 'yan'uwansa ba sai da ya gwada su da Biliyaminu, ya ga sun sake hali.

Abin da ke ba ni tsoro, wannan koyarwar ba a kan kuɗi take tsayawa ba. Da ita ake mayar da mace ɗakin mijin da ke dukanta, a ce mata Kirista ba ta fushi. Dauda da Saul ya jefe shi da mashi gudu ya yi, kuma bai taɓa ramawa ba. Shugabannin da ke cewa "lafiya, lafiya" alhali ba lafiya, Irmiya 6:14 ta riga ta yi magana a kansu. Dattijon naki na tabbata nufinsa alheri ne, amma ya zaɓi hanyar da ba za ta hana shi barci ba.

Naki ɓangaren shi ne ki saki ramuwa, kamar yadda Romawa 12:19 ta ce. Ban da habaici a bakin rijiya, ban da hana yaranki shiga ɗakinta. Kuma don Allah kada ki kai sunanta wurin masu addu'ar nan da ke ganin maye a kowane gida, za su karɓi kuɗinki su ƙara miki abokiyar gaba.

Ki sanar da maigidanki, sannan ki same ta ita kaɗai, ba ranar Lahadi ba. Ki ce, "Yaya, na zo ne kan kuɗin nan, yaya za mu yi?" In hannunta ya yi ƙasa ne, ku yanka biya kaɗan-kaɗan, a rubuta. In ta yi miki tsaye, ki koma da shugabar zumunta da dattijo guda. Jibi kuwa, ranar da kika taka kika je, kin sauke naki nauyin, ko ta biya ko ba ta biya ba. Ki zo ki ci.