Na sauke kilo 42 amma fatar dantsena na reto, akwai aikin da ake yi?

Tambaya: Salam likita. Wata goma sha ɗaya kenan da aka min tiyatar rage ciki (rage girman tumbi saboda ƙiba), na sauke kilo 42 alhamdulillah har suga ta daidaita. Matsalar fatar dantsena ce, in na ɗaga hannu sai ta riƙa lilo kamar tsumma, wata biyar ina ɗaga ƙarfe a jim amma babu canji. Akwai aikin da ake yi? Kuma zan iya yi yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari, kilo 42 ba wasa ba ne. Bari in fara da jim ɗin, don kar ki zargi kanki. Ƙarfen da kike ɗagawa tsoka yake ginawa, fata ba ta san ana yi ba. A cikin fata akwai wasu zaruruwa, kolajin da elastin, su ke sa ta koma bayan ta miƙe, toh in ta shekara da shekaru a miƙe sai su saki, kamar robar wando da ta gaji. Ba mai ko kirim da zai maida ita. Ki ci gaba da jim dai, yana da nasa amfanin.

Aikin akwai shi, likitoci na ce masa brakiyoplasti. Ana sa mutum barci, a yanka ta cikin dantse tun daga hammata har kusa da gwiwar hannu, a cire rarar fatar a ɗinke, wani lokaci a haɗa da zuƙe kitse, awa biyu zuwa uku an gama. Ki gwada wannan a gaban madubi: miƙe hannunki gefe, ki kama abin da ke reto da yatsu biyu. In kin ji siriri yatsunki na kusan haɗuwa, fata ce zalla, zuƙe kitse kaɗai ba zai miki komai ba sai ma ya ƙara sakin ta.

Abin da nake so ki zauna ki yi tunani a kai sosai shi ne tabo. Wannan aikin musanya ce, kin ba da fata mai reto kin karɓi dogon tabo, kuma ba ya ɓacewa, yana dai dusashewa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Watannin farko ma yakan yi duhu ya ɗan tashi har mutum ya fara cewa me ya kai ni. Tabon dantse na cikin waɗanda suka fi faɗi da kauri don wurin kullum cikin motsi yake, kuma masu duhun fata sun fi saurin yin kiloid, tabon nan mai tudu da ƙaiƙayi da ke wuce inda aka yanka. Ki duba hujin kunnenki, ki duba inda aka huda cikinki lokacin tiyatar farko, in sun yi tudu lallai ki nuna wa likitan kafin a sa rana. Ana amfani da filastar silikon da ake mannawa ko allurar siteroyid a kan tabo, suna taimakawa, amma ba garanti ba ne.

Zancen yanzu kuwa, gaskiya a'a, ki dakata. Bayan tiyatar rage ciki nauyi kan ci gaba da sauka har wata 12 zuwa 18, kuma ana so sikeli ya tsaya wuri ɗaya aƙalla wata uku zuwa shida. In aka yanka yau kika ƙara sauke kilo takwas, fatar za ta sake saki, ga tabo ga reto. Sannan a gwada jininki, don masu irin tiyatarki sukan yi ƙarancin furotin da ayon (sinadarin ƙara jini) da bitamin B12, kuma in jiki ba shi da isasshen furotin, wurin da aka ɗinke ba ya kamawa da kyau, musamman a hammata inda ya fi yawan buɗewa. Mai shan sigari ko shisha sai ya bari aƙalla sati huɗu kafin aiki da bayansa.

Bayan aiki za ki sa matsattsiyar rigar hannu kamar sati huɗu zuwa shida, ba ɗaukar kaya mai nauyi, kwanakin farko ko rigar da ake zurawa ta kai za ta gagare ki, sai mai maɓalli a gaba, ki tanadi mai taimaka miki. Kumburin hannu, taruwar ruwa a ƙarƙashin fata, ko wani gefen hannu ya yi dindiris ba ki ji sosai, duk suna faruwa, yawanci suna wucewa. Amma ƙafa ɗaya ta kumbura da ciwo ko numfashi ya yi wuya, wannan asibiti ne nan take, gudan jini ake tsoro.

Ba ki yi maganar fatar ciki da cinya ba, amma wadda ta sauke kilo 42 da wuya a ce dantse kaɗai ne. Yawanci daga ciki ake farawa, sai bayan wata uku ko fiye a zo kan hannu da ƙirji, in kuma kina da niyyar haihuwa a jinkirta aikin fatar cikin. Idan kin je wurin likitan fiɗa na gyaran jiki, ki ce ya nuna miki hotunan dantsen da ya yi wa masu kalar fatarki bayan shekara guda, hannu a ɗage.