Guguwa na tafe: in soke tikitina, kuma me ya kamata in tanada?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata da ke aure a Houston, jihar Texas, za ta haihu a ƙarshen Satumba, na kuma sayi tikitin zuwa jego tun watanni biyu da suka wuce. Yanzu surukina ya ce an sanar da wata guguwa a teku wadda mai yiwuwa ta nufo su a makon da zan tashi. In soke tikitin ne, ko in sayi inshorar tafiya da ejan ɗina yake tallata mini? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sauke ta lafiya. Kada ki soke tikitin da kanki, domin wanda ya fara sokewa tsakaninki da kamfanin jirgin shi ne yake ɗaukar asara. A ƙa'idar Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, wadda aka ƙarfafa a 2024, idan kamfani ya soke jirgin da zai shiga ƙasar ko zai fita daga cikinta, ko ya jinkirta shi da awa 6 ko fiye a tafiyar ƙasa da ƙasa, fasinjan da ya ƙi karɓar wani jirgin a madadin yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa, ko da yanayi ne sanadi. Idan kuwa ke ce kika janye alhali jirgin yana nan a jadawali, sharuɗɗan tikitinki ne za su yi hukunci, kuma tikiti mai araha ba kasafai ake mayar da kuɗinsa ba.

Abin da za ki jira shi ne sanarwar sassauci da kamfanoni suke fitarwa kwanaki kaɗan kafin guguwa ta iso, inda suke barin fasinja ya sauya ranar tafiya ba tare da tarar canji ba. Da zarar ta fito, ki sa ejan ya sauya miki rana nan take, tunda ta hannunsa kika saya kuma kujeru suna ƙarewa da wuri. A ganina ɗagewa da kwana huɗu ko biyar ya fi a yi sauri a riga guguwar isa. Wanda ya taso daga Najeriya yakan yada zango a wata ƙasa kafin ya ƙarasa, kuma babu abin da ya kai wahalar dattijuwa ta maƙale a filin jirgin da ba ta da bizar fita daga cikinsa. Ko kin isa lafiya ma, kin ƙara wa gidan mai tsohon ciki mutum guda da za a nema wa ruwa da wurin fakewa. A watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta zubar da ruwan da ya haura milimita 1,500 a wani yanki na kudu maso gabashin Texas, filayen jiragen Houston kuma suka yi kwanaki a rufe. A watan Yulin 2024 guguwar Beryl, wadda a mataki na 1 kawai, mafi ƙanƙanta a matakan ƙarfin guguwa guda 5, ta sauka a gaɓar Texas, ta bar gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 babu lantarki cikin tsananin zafi, wasu har sama da mako guda.

Batun inshora kuwa, bakin alƙalami ya bushe game da wannan guguwar idan hukumar yanayi ta riga ta raɗa mata suna. Kamfanonin inshora suna ɗaukar guguwar da aka riga aka raɗa wa suna a matsayin abin da aka san da zuwansa, saboda haka takardar da aka saya bayan nan ba ta biyan asarar da ta jawo. Idan za ki saya, ki saya don kuɗin asibiti, wanda yake da matuƙar tsada a Amurka, ki kuma sa a karanta miki abin da ta ce game da ciwon da kike da shi tun da, kamar hawan jini ko ciwon sukari. Nan gaba a riƙa tuna cewa lokacin guguwar Tekun Atlantika yana farawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi kuma tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba. Ba haɗuwar banza ba ce da ya zo daidai da daminarmu, domin da yawa daga manyan guguwoyin nan suna farawa ne daga hadarin da yake ratsa Afirka ta Yamma ya faɗa teku ta wajen Senegal.

Tambaya: Ni ɗalibi ne sabon zuwa Tampa, jihar Florida, ina haya a bene na ƙasa, kuɗina kuma kaɗan ne. Abokaina sun ce in sayi ƙaramin janareta da tef na manna wa tagogi. Taswirar hasashe ta nuna garinmu yana gefen hanyar guguwar, ba a tsakiya ba. Me ya fi cancanta in kashe wa kuɗi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da abin da ba ya cin ko sisi, wato sanin rukunin unguwarku a tsarin kwashe jama'a. A Florida ana raba unguwannin gaɓar teku da haruffa, A da B da C zuwa gaba, gwargwadon yadda ruwan teku zai iya haurowa ya cim musu. Ruwa ne ya fi kashe mutane a guguwa, ba iska ba, kuma matakan nan na 1 zuwa 5 da ake ba guguwa ƙarfin iska kaɗai suke aunawa, daga kilomita 119 a awa zuwa 252 ko fiye. Taswirar da ka gani hanyar da tsakiyar guguwar za ta iya bi take nunawa, ba iyakar ɓarnarta ba, don haka zama a gefenta ba kariya ba ce. Cibiyar Lura da Guguwa ta Ƙasa da ke Miami tana fitar da sanarwar a zauna cikin shiri awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta fara, sannan gargaɗi awa 36 kafin nan. Idan aka ce rukuninku ya tashi, ka tashi a ranar, domin kafin guguwar Milton ta sauka kudu da Tampa a watan Oktoban 2024 manyan hanyoyi sun cushe, gidajen mai da yawa kuma sun ƙafe.

Janareta ba naka ba ne. Ƙa'idarsa a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, abin da mai haya a gidan bene ba shi da halin yi, kuma duk wanda ya tashi a Najeriya ya ji labarin iyalan da hayaƙinsa ya hallaka suna barci. Tef kuma ba ya hana gilashi fashewa.

Ka sayi ruwan sha, kimanin lita 4 ga mutum guda a kowace rana, na kwana uku aƙalla, na mako guda in da hali. Ka haɗa da abincin da ba ya buƙatar wuta ko firji, irin su dabino, gyaɗa, garin rogo, biskit da kifin gwangwani, domin firjin da aka ɗauke wa wuta awa 4 kawai yake riƙe sanyi. Sai tocila da batura, da batirin cajin waya, da magungunanka, da tsabar kuɗi saboda na'urorin kati suna tsayawa idan babu lantarki. Fasfonka da takardun makaranta ka sa su a leda mai zif, ka ɗauki hotonsu a waya, littattafai da kwamfuta kuma ka ɗaga su sama. Inshorar 'yan haya ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, ita kuwa inshorar ambaliya ta gwamnatin tarayya sai bayan kwana 30 da saye take fara aiki, saboda haka wannan tanadin na baɗi ne.

Bayan guguwar ta wuce kada ka shiga ruwan da ya rufe hanya, a ƙafa ko a mota, domin ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, na santimita 30 kuma yana iya tafiya da ƙaramar mota. Ka kuma sanar da mutanen gida tun yanzu cewa layin waya yana iya yankewa na kwana biyu ko uku, ka ba su lambar wani da yake zaune a wata jiha wanda za ka fara aika wa saƙo da zarar ka samu hanya.