Ciwon fushi na Koriya: gadonsa ake yi, ko zaman duniya ke kawo shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na ji an ce a Koriya ta Kudu akwai ciwon da fushi ke haifarwa, har an yi bincike a kan tagwaye aka ce gadonsa ake yi. Mahaifiyata mace ce mai haɗiye ɓacin rai, kullum tana kukan ƙirji. Ni ma zan gaje ta ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ciwon da kika ji labarinsa Koriyawa na kiransa hwabyung. A harshensu hwa na nufin wuta, tana kuma nufin fushi, byung kuwa ciwo. Ba ciwon masu faɗa ba ne, na wanda aka zalunta ne ya yi shiru shekara da shekaru. Mai shi zai ce miki zafi na taso masa daga ciki zuwa fuska, wani ƙullutu ya tokare masa ƙirji ko maƙogwaro, gabansa na faɗuwa, barci ya gagara, ga ajiyar zuciya ba ƙaƙƙautawa. A 1994 kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ya ambace shi cikin cututtukan da ke da alaƙa da al'adar wasu mutane. An fi saninsa ga matan aure masu matsakaicin shekaru, waɗanda suka daɗe suna haƙuri da miji ko uwar miji, amma matasa ma ba su tsira ba.

To me ya kawo tagwaye cikin maganar? Hasana da Husaina da suka fito daga ƙwai ɗaya, kusan duk ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne. Waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa kamar sauran 'yan ɗaki suke, kimanin rabi suka haɗa. Duka biyun gida ɗaya suka tashi, tukunya ɗaya suka ci. Idan aka ga 'yan ƙwai ɗaya sun fi kama da juna wajen alamun ciwon, an san gado ya sa hannu. Haka aka samu a binciken da Yoon-Mi Hur, mai kula da rajistar tagwayen Koriya ta Kudu, ta yi da abokan aikinta a kan samari da 'yan mata.

Sai dai abin da masu yaɗa labarin ke tsallakewa shi ne ya fi jan hankalina. 'Yan ƙwai ɗayan ma ba su zo daidai ba, sau da yawa ɗaya na fama ɗayar lafiyarta lau. Ratar nan daga abin da kowacce ta gamu da shi ita kaɗai take fitowa: wannan ta faɗa hannun malami mai wulaƙanci, waccan ta dace da ƙawar kirki, wannan ta ci suneung, wato jarrabawar shiga jami'a da aka saba yi a watan Nuwamba, waccan ta faɗi bayan shekarun da ta kwashe tana zuwa darasin dare. Kuskuren awo ma a cikin wannan ratar yake shiga, domin tambayoyi aka yi wa matasan suka amsa da bakinsu, ba asibiti aka kwantar da su ba.

Kuma a kula, idan aka ce gado na da kaso kaza, bambancin da ke tsakanin jama'ar da aka auna ake nufi, ba a ce 'yar mai ciwo tana da kaso kaza na kamuwa ba. Ba a gano wata ƙwayar gado guda ta wannan ciwo ba. Mai yiwuwa abin da ake gada shi ne saurin jin zafin abu da riƙe shi a zuci. Sakamakon matasan Koriya kuma ba zan ɗora shi kai tsaye a kan gidanku ba.

Maganar Mama ta fi gaggawa a wurina. Ciwon ƙirji ga mai shekaru ba a fara cewa baƙin ciki ne. A kai ta asibiti a auna jininta, a duba zuciya da sukari. In komai ya fito lafiya, ki nemi a haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa, ki kuma bar su su kaɗai a ɗakin, don akwai maganar da ba za ta faɗa a gabanki ba.