Hatimin jiha ba ya buɗe iyaka

Tambaya: Malam, ina sayar da hatsi a Kasuwar Dole nan Damagaram. Ƙanen matata da ke zaune Kano ya ce in aiko masa miliyan 4 na sefa ya loda mini masara buhu 200 daga Dawanau. Ya ce ya samo takarda mai hatimin gwamnatin jiha, ba mai tare motar har gida, kuma kuɗina za su ninka kafin damina. In aika?

Amsa: Alhaji, kada ka aika ko dala.

Ban ce surukinka macuci ne ba. Mai yiwuwa shi ma ya gaskata takardar. Kuskurenka shi ne ka auna Nijeriya da mudun Nijar. A nan, gwamnan jihar Damagaram daga Yamai ake naɗo shi, dokar da yake aiki da ita kuma ita ce ta ƙasa baki ɗaya. Can kuwa tarayya ce. Jihohi 36, kowace da zaɓaɓɓen gwamnanta da majalisar dokokinta da harajinta, amma tsarin mulkinsu na 1999 ya raba wa kowa gonarsa. Kwastan, harajin fitar da kaya, shige da fice, kuɗin ƙasa, ciniki da ƙasashen waje, duk na Abuja ne ita kaɗai. Sashe na 4(5) kuma ya ce in dokar jiha ta ci karo da ta Majalisar Tarayya, ta tarayya ce a sama, ta jihar ta faɗi daidai inda suka saɓa.

Masara kuwa tana cikin kayan da dokar tarayya ta hana fitarwa daga Nijeriya. To wace takarda ce jiha za ta ba ka? Abin da na saba gani a hannun irin su surukinka rasit ne na harajin kasuwa ko na lodi. Ba na jabu ba ne, yana da amfani a cikin jihar da ta buga shi. Da motar ta doshi Kongolam ko Maigatari ko Babura, ya zama takardar ƙunshe ƙosai.

Na san wani ɗan kasuwa, shekarun baya, da ya shigo wurina yana kaɗa irin wannan takarda kamar ya ci gadon sarauta. Na ce masa ya dakata, ya ce ɗan'uwansa ya san manya. Aka tsare motar kafin iyaka. Hatsin ya tafi, mai mota ya biyo shi kuɗin kwanakin da ta yi a tsare, ɗan'uwan kuma ya daina ɗaukar waya. Har yau matan gidan biyu ba sa gaisawa a wurin biki.

Kai ma ai ganau ne. Da aka rufe iyaka a watan Agusta 2019, har Disamba 2020, gwamnan Katsina ko na Jigawa ne ya buɗe ta? Na 2023 fa, bayan juyin mulki, ba sai da umarni ya fito daga Abuja a watan Maris 2024 ba?

Batun ninkawa kuwa, ribar da ta kai ninki a hatsi ladar kasada ce, kuma kai kaɗai za ka ɗauki kasadar, tunda ko sisin surukinka babu a ciki. In kana son ka gane, ce masa ya zuba rabi.

Kafin ka sake saye a Kano, nemi dillalin kwastan mai lasisi ya gaya maka ko kayan na fita bisa doka, ka kuma tambayi duwan ɗinmu, wato kwastan na Nijar, abin da za ka biya a wannan ɓangare. Miliyan huɗun nan, in hatsi kake so, jira kaka ka bi kasuwannin Magariya da Matamai ka cika sito da gero. Surukin kuma ka kira shi da kanka ka ce masa a'a, kada ka bar wa uwargida wannan aikin.