Za mu fita fatsa a tekun Legas, ya za mu gane ranar da ta dace?

TAMBAYA: Salam Malam. Mu huɗu ne muke son ɗaukar hayar ƙaramin jirgi mai inji mu fita fatsa gaba da Tarkwa Bay, nishaɗi kawai. Mai jirgin ya ce in dai gari ya waye ba hadari to shikenan. Dan Allah haka ne?
Mai karatu daga Agege

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya maganar nan tasa ba ta wadatar ba. Manyan igiyoyin da ke dukan gaɓar Legas daga can kudancin Atlantika suke tasowa, shi ya sa za ka ga sama fes rana ta take amma ruwa yana ta tunƙaho, musamman daga Yuni zuwa Satumba. Watannin nan dai ku haƙura.

Kafin ku fita ku duba hasashen teku na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ko manhajar Windy a waya, kar ku tsaya kan ruwan sama kawai. Ku duba tsayin igiya, in ya wuce mita 1.5 ƙaramin jirgi da baƙin teku irinku ba ku da abin nema a can, kuma ku sani lambar nan matsakaicin tsayin manyan igiyoyin ne kawai, jefi-jefi wata igiyar za ta zo ta kusa ninka ta. Sai tazarar da ke tsakanin igiya da igiya, wadda mutane ba sa kulawa da ita alhali ita ce magana, mita 1 duk bayan daƙiƙa 5 ruwa ne mai jijjiga da zai riƙa fantsamo muku cikin jirgi, mita 1 ɗin duk daƙiƙa 12 kuwa a tsakiyar teku lilo ne kawai, sai dai a bakin mashiga, inda lagun ɗin Legas ke haɗuwa da teku, yana miƙewa ya karye da ƙarfi, balle in ruwan lagun yana janyewa waje ya yi karo da shi. A nan ake kifewa, don haka ku tambayi lokacin cikowa da janyewar ruwa.

Hunturu teku ya fi kwanciya amma hazo na ɓoye gaɓa, ga manyan jiragen Apapa suna wucewa. A Maris zuwa Mayu da Oktoba kuwa in kun hango hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas ku naɗe fatsa nan take.

Ku fita da sassafe ku dawo kafin iskar la'asar, kowa da rigar hana nutsewa (life jacket) a jikinsa a ɗaure, ba a ƙarƙashin benci ba. In kun ga masuntan wurin sun ja kwale-kwalensu tudu sun zauna gyaran koma, ku ma ku ɗaga tafiyar.