Mahaifina ya rame: maganin buɗe ciki ko allurar testosteron?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 76. Cikin shekara guda ya zabge, cinyoyinsa sun tsotse, ba ya iya tashi daga kujera sai ya dafa. Wata ta ce in saya masa maganin buɗe ciki, wani ya ce allurar testosteron, wato sinadarin maza. Hankalina a tashe yake. Wanne zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Dattijon da ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 zuwa 12 ba da niyya ba, gwaji ya kamace shi tukuna: suga, ƙoda, tarin fuka, ciwon daji, har haƙora da damuwa. Kada a ɗora wa tsufa laifi kafin a duba.

Maganin buɗe ciki kuwa, Malama, nan ne raina ke ɓaci. Kusan kullum sai an kawo mini tsoho fuska ta cika ta yi tim, 'ya'yansa na murna wai ya murmure. In ce ya miƙe tsaye, sai ka ga hannu na rawa a kan gwiwa, ƙafafu kamar sanda. In na bincika, deksametason ne, maganin rage kumburi, wani baragurbi ya haɗa masa. Wannan magani kitse da ruwa yake tarawa a fuska da ciki, tsokar cinya da ƙugu kuma cinye ta yake yi. Ga hawan jini, ga suga, ga ƙashi ya yi sanyi. Wanda ya daɗe yana sha kuma ba a yanke masa rana ɗaya, don jini na iya faɗuwa. Sai likita ya rage a hankali. Sauran magungunan buɗe ciki ma suna da illa: saifuroheftadin yana sa barci da ruɗewa da riƙewar fitsari, daga nan sai faɗuwa da karaya. Megestrol yawanci kitse yake ƙarawa, kuma yana iya daskarar da jini a jijiya. Mai sayarwa bai taɓa gaya wa kowa haka ba, shi dai a ga kumatu.

Testosteron na ƙara tsoka kaɗan, amma na wanda gwajin jinin safe ya nuna nasa ya yi ƙasa ne, bayan an duba prostate (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) da kaurin jini. Allurar sinadarin girma (growth hormone) ma na ƙara nama ba tare da ƙarfin a zo a gani ba, sai kumburi da ciwon gaɓoɓi.

Abin da ke aiki shi ne a sa tsokar ɗaukar nauyi. A 1990 an buga wani bincike daga Boston ta Amurka kan tsofaffi 'yan shekara 86 zuwa 96: mako 8 na ɗaga nauyi da ƙafa ya ninka ƙarfinsu fiye da sau biyu. Baba ya fara da tashi da zama a kujera sau 8 zuwa 10, wani na tsaye kusa, kwana biyu ko uku a mako, ana ƙarawa. Ya samu furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyinsa kullum, in ƙodarsa lafiya take. In akwai abin da yake sha yanzu, ki kai kwalbar asibiti tare da shi.